Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Madogarar da Na'ura Ta Ƙaga?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa manazarta na Katsina da kewaye. Muna tsara ƙa'idojin karɓar maƙala na wata mujallar ilimi da ake bugawa da Hausa, sai kalma guda ta tsaya mana, wato abin da Turawa ke kira hallucination a fagen ƙirƙirarriyar basira.

Manhaja irin ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, asalin aikinta jera kalmomi ne gwargwadon wadda ta fi dacewa ta biyo wata, bisa rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Shi ya sa takan miƙo madogara tsaf, da sunan marubuci da shekara da shafi, har da lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet), amma idan edita ya bi sawu sai ya tarar ba a taɓa rubuta wannan maƙala ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda shigar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙaga.

An kawo shawarar kalmar gane-gane, muka ajiye ta nan take, domin na'ura ba ta ganin komai. Wani malaminmu daga Daura ya ce sambatu. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma mai sambatu kowa ya ji shi ya san ba ya cikin hayyacinsa, alhali haɗarin wannan abu shi ne yana zuwa da ƙamshin gaskiya, cikin jimloli masu tsari.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce ƙarya, kuma ita na fi tsoro. Ƙarya sai da niyya, kuma da zarar mun ce na'ura ta yi ƙarya, mun buɗe wa marubuci ƙofar wanke kansa. Kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE ya bayyana a Fabrairun 2023 cewa ba a sanya manhaja cikin jerin marubuta, saboda ba za ta iya ɗaukar alhakin abin da aka buga ba. Mujallar Nature ma ta ɗauki wannan matsayi tun a Janairun shekarar. Bai kamata kalmarmu ta warware wannan ba.

Ni dai na tsaya a kan shaci-faɗi, wato magana ba tare da hujja ba, ko da mai yin ta ya yi da ƙarfin gwiwa. An ce mini shaci-faɗi yakan dace da gaskiya wani lokaci. Haka ne, kuma wannan ne ma ya ƙara mini natsuwa, domin ta hanya ɗaya na'urar ke samar da daidai da kuskure, sai bincike ya raba su. Abin da ya shiga jerin manazarta kuwa, mu kira shi ƙagaggiyar madogara, kamar yadda malaman hadisi ke cewa ƙagagge ga hadisin da aka ƙirƙira.

Ga yadda ƙa'idar za ta kasance: "Wajibi ne marubuci ya bayyana manhajar da ya yi amfani da ita da aikin da ta yi masa, kuma alhakin duk shaci-faɗin na'ura ko ƙagaggiyar madogara yana wuyansa." Ina roƙon masana harshe, musamman na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, su duba mana wannan jimla kafin mu kai ta maɗaba'a.