Me ke manne a jikin duwatsun nan na cikin teku?

Baban Yara, Nima:
Assalamu alaikum jama'a. A Nima aka haife ni, amma abin da na sani game da teku bai wuce Labadi ranar yawon Sallah ba. Makon jiya na raka wani abokina kai kaya Dixcove, can gaba da Takoradi. Garin yana bakin wani lungu ne inda ruwa ya shigo cikin ƙasa ya kwanta lumui, kwalekwalen masunta na jere, ga tsohuwar ganuwar Turawa a kan tudu. Da safe ruwa ya janye, sai na naɗe wando na shiga tsakanin duwatsu.

Wallahi babu inda za ka sa yatsa a jikin dutsen ba ka taɓa wani abu ba. Akwai wasu farare ƙanana masu kaifi kamar an yayyafa tsakuwa. Akwai wani mai kama da fure, na taɓa shi ya tsuke kamar bakin zabira. Ina cikin kallo na taka wani baƙi mai ƙaya kamar bushiya, da silifas ɗin roba a ƙafata, ƙaya huɗu suka karye a diddige. Har yau da ɗingishi nake zuwa masallaci. Tsiro ne waɗannan ko dabbobi? Kuma yaya zan yi da ƙafar?

Ɗalibar Legon:
Wa alaikumussalam Baba, sannu. Ina karatun halittun teku, kuma duk ukun da ka lissafa dabbobi ne. Wadda ta soke ka bushiyar teku ce. Bakinta a ƙasa yake, da haƙora 5, da su take kankare gansakuka daga jikin dutse. Irin wadda ta fi yawa a gaɓarmu har rami take ƙwaƙulewa a dutsen ta zauna ciki, don kada igiyar ruwa ta tumɓuke ta.

Fararen nan kuwa za ka yi mamaki, 'yan'uwan kaguwa ne. Suna ƙanana suna yawo a ruwa, sai su manna kansu a dutse, su gina ɗaki, shi ke nan ba su sake tashi har mutuwa. Ruwa na rufe su sai su buɗe ƙofa su miƙo ƙafafu kamar gashin tsuntsu suna tace abinci. Mai kama da furen kuma mafarauci ne, yatsunsa na da dafi na kama ƙananan halittu.

Abin da ya sa lungu ya bambanta: inda igiya ke duka, sai mai ƙarfin riƙo ne ke zama. Inda ruwa ya lafa kuwa, masu laushin jiki na samun sarari, irin su soson teku, wanda shi ma dabba ne, musamman a ƙarƙashin dutse da gefen da rana ba ta kaiwa. Ciyawar teku tana son haske, don haka ita ke saman. Amma kwanciyar ruwa na da nata sharrin: laka da dattin gari sukan taru su toshe masu tace ruwa. In ka ɗaga dutse don kallo, don Allah ka mayar da shi yadda ka same shi, in ba haka ba na ƙasa rana ta kashe su, na sama duhu ya kashe su.

Hajiya Mai Kifi, Sabon Zango:
Kai Malam, wa ya aike ka da silifas? Bar kimiyya tukuna, a duba ƙafa. Ka riƙa jiƙa ta a ruwan zafi wanda za ka iya jurewa, kada ka tsaya tono da allura, ƙayar marmashewa take yi. In wurin ya kumbura ko ya yi ruwa, ka tafi asibiti, ka kuma tambaye su allurar tetanus.

Ni kawa, 'yar halittar ruwan nan mai bawo biyu, nake saye wurin matan Tsokomey, inda kogin Densu ke shiga teku. Ka ga hannuwansu duk tabon yanka, don bawon kawa reza ce. Sukan rufe ɗiba na wasu watanni kowace shekara don ta girma, kuma in an buɗe ana ganin bambanci a kwano. Wata rana ka zo in soya maka da shito, ka huce haushin teku.

Malamin Makarantar Allo, Aboabo:
Mu a Kumasi sai dai labari, amma tunda Hajiya ta yi tayin kawa, kada wani ya ce haramun ce. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, dalili na cikin Suratul Ma'ida aya ta 96. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Sai dai a lura da inda aka ɗebo ta, tunda ita ma tace ruwa take yi.

Baban Yara, Nima:
Na gode ƙwarai. Ƙaya biyu sun fita bayan ruwan zafi, sauran biyun gobe zan kai su asibiti. 'Yata ta Legon, a nan kusa ina zan kai yarana su gani?

Ɗalibar Legon:
Prampram ko Kokrobite, Baba. Ku je kusa da tsayuwar wata ko daren sha huɗu, lokacin ne ruwa ya fi janyewa. Kowa ya sa takalmi mai rufi, kuma kada yaro ya juya wa teku baya.