Wahalar jarumin labari da ta Ayuba, ɗaya ce?

mai_karatun_dare:
Jama'a sannunku. Ina yawan karanta littattafan nan na dodanni da tsafi, kuma kullum sai jarumin ya sha baƙar wuya kafin ya ceci duniya, shi ne nake tuno Ayuba. Abin na damuna wallahi, wahalar tasu iri ɗaya ce?

'yar_littafi:
A'a ɗan'uwa, akwai bambanci. Jarumi ya san dalilin wahalarsa, an ɗora masa aiki. Ayuba kuwa yana zaune cikin toka yana sosa gyambo da tsingaro, abokansa uku suka yi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma ko da Allah ya yi magana daga guguwa a sura 38 ta Littafin Ayuba cikin Littafi Mai Tsarki bai faɗa masa dalili ba, tambayoyi ya jero masa.

dattijo_a_gefe:
Ku duba Yusufu ma, azurfa 20 'yan'uwansa suka sayar da shi, ƙarshe shi ya ciyar da su lokacin yunwa. Shi ya fi kama da jaruman naku.

mai_karatun_dare:
Na gode Baba. Amma sura 42 ta Littafin Ayuba ce ta tsaya min a rai, tumaki 7,000 sun koma 14,000, ya sake samun 'ya'ya 10, to na farkon fa da gida ya faɗo musu? Duk na zo wajen sai na ajiye littafin.