Wa ya taɓa naɗe foton ɗin Vela har tudun nan biyu suka fito masa?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Sati biyu kenan ina fama, projet ɗina kan yadda na'urar Fermi, kumbon NASA mai hangen sararin samaniya, ke gano fulsa masu hasken gamma ne. Fulsa gawar tauraro ce mai juyi da sauri, haskenta na walƙiya a kowane juyi, gamma kuma haske ne mai ƙarfi sosai da ido ba ya gani. Na rubuta ɗan kod a Python, na ƙirƙiri foton (ƙwayoyin haske) na bogi guda 5000, na ba su juyin fulsar Vela wato milisakan 89, na naɗe lokutan isowarsu a kan juyi ɗaya, wato na jera kowanne bisa inda juyin ya kai lokacin da ya iso, tudu biyu suka fito raɗau a giraf kamar a littafi. To sai na sauke datar gaske daga shafin NASA na zuba a kod ɗin nan dai, wallahi giraf ɗin ya fito a shimfiɗe kamar tabarma, ko ɗan tozo babu. Duk wanda ya taɓa shiga wannan ramin ya faɗa mana yadda ya fita.

'Yar Damagaram: Hhh sannu ɗan'uwa, ni kwana uku na yi ina zargin laftof ɗina. Ashe agogo ne. Lokacin da ke cikin fayil ɗin lokacin da foton ya bugi na'urar ne, ita kuma tana zagaya duniya duk minti 95 haka, duniyar kuma tana zagaya rana, haske na cin kusan sakan 500 daga rana zuwa nan, to ka ga foton na iya riga zuwa ko ya makara da mintuna bisa inda duniya take a shekara, kai kuma abin da kake nema bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Malaminmu kallo ɗaya ya yi wa allon ya ce kin bi ta gtbary? Na ce mene ne kuma haka. Shi ne ke maida lokutan kamar a cibiyar tsarin rana aka karɓe su. Ka sauke fayil na biyun nan mai nuna inda kumbon yake, ba ya aiki sai da shi.

Baban Ilham: Ƙanena duba lambar da ka rubuta. Ni 0.089 na buga na koma na harɗe ina jira. Vela na juyawa sau 11 da ɗoriya a sakan, a yini kusan sau miliyan ɗaya, kuskure ƙanƙani a lamba ta shida ma kafin dare ya watsa maka tudun gaba ɗaya. Ga shi tana rage gudu a hankali, kuma duk bayan shekara biyu ko uku takan yi wani zabura gudun ya ƙaru farat ɗaya. Sai ka nemo teburin lokaci, wato mai ba da ainihin gudun juyinta, na daidai watannin da ka ɗebo, ba na kowace shekara ba.

Injiniya mara aiki: Ni tawa matsalar ta baya ce, kwaikwayon nawa ne ya yi tsafta da yawa har na fara jin kaina wani ne. Da na koma gtobssim, manhajar kwaikwayon data ta cikin kayan aikin Fermi wato Fermitools, na ga yadda ake sa ƙazanta sai jikina ya yi sanyi. Abin da ban gane da wuri ba, LAT, wato babbar na'urar da ke kan Fermi, ba madubi ba ce, hasken gamma ba ya tattaruwa da gilashi, foton ne ke shiga ya bugi siririn farantin tungsten ya rikiɗe ya zama ilektiron da fositiron, layukan silikon su bi sawunsu a gano daga ina ya fito, can ƙasa kuma a auna ƙarfinsa. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi wajen 100 MeV (ma'aunin ƙarfin foton) suke warwatsuwa digiri da yawa a sama, alhali faɗin wata gaba ɗaya rabin digiri ne. Na yanki da'ira babba don in samu foton da yawa, sai na kwaso hasken Hanyar Madara (Milky Way, tarin taurarin da muke ciki) ya binne min komai. Sannan ban cire wanda ke tasowa daga gefen iskar duniya ba, ban kuma san na'urar na daina ɗauka in ta ratsa saman kudancin Atlantika ba, ramukan da na gani a datar na zaci saukewa ce ta yanke har na sake ƙona data ta dubu biyu a banza.

Hajiyar Lab: Allah sarki dubu biyu 😂 Ni ban kai ku zurfi ba, Einstein@Home kawai na sa a tsohuwar kwamfutar gidanmu, ita ce ake raba wa mutane lissafin neman fulsar da ba a san juyinta ba, sai ta yi ta gwada lambobi. Fankar ta yi ta kuka dare da rana, Mama ta ce in kashe abin nan kafin ya kama da wuta, wutar ma ta ɗauke ta hutar da mu. Amma abin ya burge ni, kafin a harba Fermi a 2008 fulsa masu hasken gamma 'yan kaɗan ne aka sani, kundin Fermi na 2023 ya kawo 294, kuma wasu kamar ta cikin CTA 1, wani ɓurɓushin tauraron da ya fashe, da hasken gamma kaɗai aka gano su ba rediyo.

Ɗan Fagge: Alhamdulillahi ya fito!! Anti 'Yar Damagaram da Yaya Baban Ilham duk ku biyun kun harbo, ban yi gtbary ba kuma teburin nawa na wata shekara ne daban. Datar wata ɗaya kawai na ɗauka, tudu biyu tsaye, tazararsu ta ɗan haura kashi 40 cikin ɗari na juyi, har da ɗan tozo a tsakani wanda babu shi a na bogin. Abin da ya tsaya min a rai, tauraron kan juya wajen sau dubu kafin foton ɗaya tak ya faɗo cikin na'urar.

Baban Ilham: Madalla. Yanzu gwada fulsar Geminga, juyinta milisakan 237 ne, ta fi sauƙin hali. Fulsar Crab ka bar ta sai ƙarshe, gajimaren da ke kewaye da ita ma haske yake fitarwa, zai ɗaga maka ƙasan giraf ɗin. In ka samo teburin Geminga turo min, nawa ya tafi da hard disk ɗin da ya mutu.