Shin yarjejeniyar 1986 ta isa ta kare maƙwabta daga haɗarin nukiliya?

Ɗalibin Shari'a: Ni a ganina an toshe wannan ɓaraka tuntuni. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil da ke Yukren a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ƙasashe sun taru a Biyana ƙarƙashin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, suka amince da yarjejeniyar sanarwa cikin gaggawa a Satumbar 1986, ta fara aiki ranar 27 ga Oktoba. Duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar da haɗari ya same ta, wajibi ne ta faɗi lokaci da wuri nan take.

Malamin Fiziks: Ƙanena, ka tuna yadda duniya ta ji labarin. Tashar ta fashe ranar 26 ga Afrilu. Safiyar 28 ga wata, can a tashar nukiliya ta Forsmark a Suwidin, sama da kilomita 1,000 daga Canobil, na'urar bakin ƙofa ta yi ƙara saboda ƙura mai tiririn nukiliya da ke takalmin wani ma'aikaci. Suka bincike tasharsu kaf, lafiyarta ƙalau. Sai da Suwidin ta matsa lamba Mosko ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa da daddare. Kusan kwana uku ke nan iska tana ta aikinta.

Ɗalibin Shari'a: Malam, ai saboda wannan ɗin aka yi yarjejeniyar!

Malamin Fiziks: To sake duba ta. Ƙasar da abin ya faru a cikinta ita ce ke yanke hukuncin ko tiririn zai cutar da maƙwabciya. A Afrilun 2011 Japan ta zubar da sama da tan 10,000 na gurɓataccen ruwan tashar nukiliya ta Fukushima cikin teku, Koriya ta Kudu ta koka cewa ba a faɗa mata tun da wuri ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Ku bari in tsoma baki. Ko da sanarwa ta zo a kan kari, me ke hannun uwa mai goyo? Ƙwayar aidin, wadda ke kare ƙullun tayirod na maƙoshi daga tiririn, ba ta da amfani sosai sai an sha ta kafin shaƙar tiririn ko 'yan awanni bayansa. Yaran da suka sha gurɓatacciyar madara a Belarus da Yukren, dubbai daga cikinsu sun kamu da sankarar tayirod. Wannan ke hana ni barci. Shi ya sa birnin Aachen na Jamus ya raba ƙwayar kyauta a 2017, saboda tashar Tihange da ke Beljiyam.

Ɗalibin Shari'a: Anti, na yarda da batun ƙwaya. Amma in babu takardar, da me za a kama ƙasar da ta yi shiru?

Malamin Fiziks: Da na'urorin aune-aune na maƙwabta, kamar yadda Suwidin ta yi.