"Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi": gado ne ko koyo?

Ummi: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske kan wannan karin magana. Na fi jin ta a bakin masu cewa al'ada a jini take, wai mutum ba ya iya sauya abin da ya gada. Haka take nufi?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. A'a 'yata, zancen reno ne. A ɗauki jariri daga Japan a rene shi a Brazil. Da harshen Fotugis zai buɗe baki, gaisuwarsu zai iya, abin da suke jin kunyarsa shi zai ji kunya. Tun 1871 Edward Tylor, wani masanin al'adu ɗan Ingila, ya bayyana al'ada da cewa ilimi ne da imani da doka da ɗabi'u, da duk abin da mutum ya samu ta hanyar zama cikin jama'a.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, ban gamsu ba. Zakara ko shi kaɗai ya tashi, cara zai yi, ba wanda ya koya masa. Kuma ina za mu kai "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe"?

Hajiya Binta: Baban Khalifa, batun zakara gaskiyarka ne, kurciya ma haka. Amma tsuntsaye masu waƙa koya suke yi. A shekarun 1950 William Thorpe na jami'ar Cambridge ya ware 'ya'yan wani tsuntsu tun suna ƙanana, ba su ji manyansu ba, sai suka tashi da waƙa gurguwa. Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan tsuntsu a Afirka da ke saka ƙwai a sheƙar wani jinsi. Ɗan da aka ƙyanƙyashe, waƙar waɗanda suka ciyar da shi yake kwaikwayo har ya girma. Gudun barewa kuwa baiwar jiki ce, daban take da harshe ko ladabi.

Baban Khalifa: To Hajiya, na karɓi rabi. Amma abin da aka koya a goye, cire shi wuya.

Malam Sani: Da wuya kam, sai dai yana sauyawa. Kakanninmu ba yadda muke magana suke yi ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ummi: Na gode. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gori da ita. Yaro ya yi kuskure sau ɗaya, sai a jefe shi da ita, a haɗa da iyayensa. Malam, wannan amfani ya dace?