Wa ya taɓa aiki a ƙarƙashin shugaba mace? Ku zo mu ji

Maman Khalifa, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. An naɗa mana mace a matsayin shugabar ofis, karon farko ke nan. Maza suna ta ƙunƙuni, mu mata kuma mun rabu gida biyu. Waɗanda suka taɓa zama ƙarƙashin mace, me ya canja a wajen aikinku? Abin da ya same ku da kanku nake son ji.

Malamar Samaru: Wa alaikumus salam. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Lokacin tsohon shugabanmu, kina yin arba'in za a fara kiranki a waya, in kika ƙara mako a ɗauki wata a gurbinki. Da Hajiya ta karɓa, ita ta sanar da mu cewa dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako 12, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a aiki, da kuma rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Shekaru muna aiki babu wanda ya taɓa faɗa mana! Ta kuma sa aka kwashe tarkacen sito aka shimfiɗa tabarma, yanzu a nan masu reno suke zama da jarirai. Albashi dai bai motsa ba, wannan hannun mai makaranta yake.

Ɗan Sabon Gari: Ni namiji ne, manajarmu mace ce. A kan makara ba ta da wasa ko kaɗan. Amma da, ƙarin girma a majalisar dare ake yanke shi, wajen mai shayi, in ba ka zama da oga ka ji a salansa. Ita ba ta zuwa majalisa, don haka fayil take dubawa. Ta haka na samu nawa.

Anti Nas: Ku yi haƙuri, ni tawa daban ce. Metiron (shugabar ma'aikatan jinya) da na yi aiki da ita a wani asibiti ta fi kowane namiji tsanani. Da cikin wata bakwai ta sa ni aikin dare. Da na yi magana sai ta ce ita ma haka ta sha a zamaninta, ba ta mutu ba. Wasu matan, wuyar da suka sha kafin su hau kujera ita suke rabawa na ƙasa.

Baban Kwangila: 'Yata Anti Nas, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Na yi ritaya daga aikin gwamnati, na zauna ƙarƙashin maza da mata. Ku tambayi abu ɗaya: tana da ikon sa hannu a kan kuɗi? Wadda aka ba kujera aka riƙe lalita, ko famfon banɗaki ba ta iya gyarawa, sai dai ta tausaya miki. Ku kuma tuna hutun haihuwa na wata 6 da jihar Kaduna ta amince wa ma'aikatanta a 2019, ta hanyar gwamnati ya zo, shugaba ko mace ko namiji dole ya ba ki.

'Yar Kofar Doka: Baba gaskiyarka ne, amma akwai abin da doka ba ta kaiwa. Wani babba a wajenmu ya dame ni da saƙonnin dare, na kusa ajiye aikin. Da namiji ne a kujerar, wallahi ban san da wane baki zan fara ba. Ita na miƙa mata wayar kawai ta karanta. Ba ta tambaye ni irin shigar da nake yi ba, ta ce in rubuta, ta kai gaba, aka ɗauke shi daga sashenmu.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Baba, tamu ita ce za ta riƙa sa hannu, na tambayi akawu ɗazu. Malama, don Allah ki turo mini sashen dokar nan na shayarwa, muna da masu goyo uku, kuma ranar Litinin za ta fara zama da mu.