Sirdi na cina, yatsu na mutuwa: ta ina zan fara gyara?

Jama'a, don Allah ku taimaka min da shawara. Ban daɗe da fara hawan keken tsere ba, irin mai lanƙwasasshen kai. Da tafiya ta ɗan yi nisa sai sirdin ya fara danna min gaba, ƙaramin yatsa da na kusa da shi kuma su mutu, har kama birki ya zama aiki. Na san jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu ce ke dannuwa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in na sunkuyar da hancin sirdin, zama ya yi sauƙi, amma sai in riƙa zamewa gaba, nauyina duk ya koma kan hannuwa. In na daidaita shi, ciwon zama ya dawo. Wando mai soso da safar hannu duk ina sawa. Tsayin sirdin kuwa, gwiwata na ɗan lanƙwashe idan feda ta kai ƙasa.

Faɗin sirdin ne bai dace da ƙasusuwan zamana ba, ko kan keken ne ya yi min nisa? Ba na son sayen sabon sirdi a banza.